Hausa ta zama harshen ƙasa: wa zai koya wa matasan Arewa gina taurarin labari?

Ranar 26 ga watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kundin ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kwanaki kaɗan kafin nan Nijar ta sanar da ficewarta daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga siyasa, wato matsayin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunan ƙasar, da kuma yadda za a yi da takardun gwamnati. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yaron da ya iya karatun Hausa, me zai karanta, kuma wa zai rubuta masa?

Makaranta tana koya wa yaro haruffa, amma abin da ke riƙe shi a kan karatu bayan ya bar aji shi ne labari. Abin da ke riƙe mai karatu cikin labari kuwa shi ne mutanen da ke cikinsa, waɗanda masu nazarin adabi ke kira taurari. Gina tauraro sana'a ce da ake koya kamar ƙira ko saƙa. Shi ya sa tarukan bita na marubuta, waɗanda wasu ke ɗauka a matsayin shagalin ƴan boko, suke da hannu a nasara ko faɗuwar sabuwar manufar harshe. In ana neman wurin da zai nuna ƙarfin wannan sana'a da haɗarinta, ƙasar Arewa ta isa misali. Wannan yanki, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, shi ya ba Nijar tauraruwar ƙagaggen labari da ta fi kowace shahara.

Sarauniya biyu, suna ɗaya

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Paul Voulet da Julien Chanoine, wadda ta nufi tafkin Chadi tana ƙone garuruwa a hanya, ta auka wa Lugu, ƙauyen da yau yake cikin ƙaramar hukumar Dankasari. Mutanen Lugu da na kewaye sun yi tirjiya, daga baya suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Takardun sojojin Faransa sun ambaci shugabar wurin a layuka kaɗan, suna kiranta tsohuwar matsafiya. Wata uku bayan haka rundunar ta ci kanta: ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragamar tafiyar, sannan cikin kwanaki uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a kusa da Maijirgi, a ƙasar Tasawa.

A 1980 kamfanin L'Harmattan na birnin Paris ya buga littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da shi fim, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma lashe babbar kyautar bikin FESPACO na 1987 a Wagadugu. Tun daga nan Sarauniya Mangu ta zama jaruma mai baka da kibiya a idon duniya. Sunanta ya hau kan makarantu da gidan rediyo da talabijin, kuma bayan juyin mulkin 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar yabo ta ƴancin kai mai ɗauke da sunanta.

A Lugu kuwa, Sarauniya muƙami ne da mata suka riƙa gada tun kafin zuwan Turawa. Aikinta na addinin gargajiya ne da kula da albarkar ƙasa, tana zaune a ɗakinta cikin fararen kaya, ba ta yawan fita. Bisa al'adar da ake kira tarkama, gawar wadda ta rasu ce ake ɗauka ta nuna magajiya. A nan ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda aka daɗe ana zuwa wurinsa neman hukunci. Littafin Lougou et Saraouniya, wanda Boubé Namaïwa da Nicole Moulin da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka haɗa, ya tattara abin da mutanen wurin ke faɗa da bakinsu. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho sun nuna tazarar da ke tsakanin Sarauniyar Lugu da Sarauniyar littafi.

Abin da Mamani ya yi

Tazarar nan aikin marubuci ce, kuma ita ce darasi na farko ga duk wanda zai tsaya gaban ajin masu koyon rubutu. Mamani ya tarar da suna da yaƙi guda da ƴan layuka na raini daga bakin maƙiyi. Ya ba matar yarinta, ya ba ta Dawa wanda ya raine ta ya koya mata makami da sirrin itatuwa, ya ba ta masoyi mai suna Baka. Ya kewaye ta da sarakunan da ke auna ko su bi Turawa ko su ja da su, ya kuma gina kwarjininta ta bakin masu tsoronta, musamman baƙaƙen sojojin da ke cikin rundunar Faransa. Mai karatu yana jin nauyinta tun kafin ya gan ta. Wannan dabara ce da ake iya fayyace wa ɗalibi a allo, ya gwada ta a nasa labarin.

Rayuwar marubucin ita ma ta shiga cikin tauraruwar. Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya dawo gida ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kountché, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana faɗa da mulkin mallaka da na danniya ya buƙaci jaruma mai cewa a'a, kuma ita ya ƙera. Ba laifi ba ne, don ƙagaggen labari ba rahoton tarihi ba ne. Amma sakamakon yana da nauyi: tauraruwar da aka gina da kyau ta rufe matar da aka gina ta a kanta, har yaran Arewa da dama sun fara sanin Sarauniya ta hanyar littafin makaranta da fim kafin su ji abin da tsofaffin Lugu ke faɗa. Littafin da ya fito da ita duniya da Faransanci aka rubuta shi, a fim kuma da harshen Jula ta yi magana.

Darasin Zariya da Kano

Ƙagaggen labarin Hausa na boko shi kansa daga horo ya fito. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga biranen arewacin Najeriya yana bayyana wa malamai irin labarin da ake nema, aka shirya gasa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Gasar ba ta tsaya ga raba kyauta ba. A 1936 an ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya yi watanni yana rubutu ana dubawa ana gyarawa, daga nan Magana Jari Ce ta fito. Abin da mutane suka riƙe daga waɗannan littattafai har yau taurari ne: Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, da mahaifiyar Shaihu Umar wadda ta tsallaka Sahara tana neman ɗanta.

A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da manyan kamfanonin bugu suka ja baya, matasan Kano sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke. Suna karanta rubutun juna, suna haɗa ƙarfi wajen bugu da sayarwa. Daga cikin wannan zubi ne aka samu Rabi ta littafin Alhaki Kuykuyo Ne, matar da miji ya kora da ƴaƴanta ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Rabi ba ta yi wa kowa lacca kan haƙƙin mata ba, amma mai karatu ya ga abin da ta zaɓa a kowace matsi, kuma shi ya sa littafin ya kai ga fassarar Ingilishi da aka buga a Indiya a 2012. A ƴan shekarun nan bukukuwan littafi irin su KABAFEST da HIBAF sun riƙa haɗa tarukan bita cikin shirinsu.

Nijar ba ta rasa masu baiwa ba. A 2022 Amira Souley ta Maraɗi ta lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa da labarinta Garar Biki, a gasar da ke karɓar labarai daga ko'ina ake jin Hausa. Wasannin kwaikwayon Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram sun nuna tun shekarun 1970 da 1980 cewa ƴan Nijar sun iya ƙera mutanen da jama'a ke ganewa. An fara makarantun gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, an tsayar da ƙa'idar rubutu a hukumance a 1999, kuma gidajen bugu irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman gyara mai ɗorewa, inda gwani zai zauna da sabon marubuci a kan shafi ɗaya har ya miƙe.

Hanyoyin da aka saba bi ma sun ragu. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai, wadda ta daɗe tana karɓar baƙuncin marubuta, galibi cikin Faransanci, ta koma hannun Nijar, kuma a 2024 aka sauya mata suna daga Jean Rouch zuwa Moustapha Alassane. An dakatar da RFI a watan Agustan 2023, a Disamban 2024 kuma aka sanar da dakatar da BBC na wata uku. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi kan waɗannan matakai, sakamakonsu ga matashin marubuci ɗaya ne: nauyin horar da shi ya dawo kan hukumomi da ƙungiyoyin cikin gida.

Tarko biyu

Tarko na farko tsoho ne. Yawancin kuɗin da ke shiga rubutu cikin harsunan ƙasa daga ayyukan raya ƙasa yake fitowa, kuma mai kuɗi yakan zo da jigonsa: auren wuri, riga-kafi, karatun ƴa mace, dashen itace. Jigogin suna da muhimmanci, amma in aka fara da saƙo kafin mutum, sai a samu uba mugu da babu dalilin muguntarsa, da yarinya salihar da ba ta taɓa kuskure ba, da malamin asibiti da ke zuwa a shafin ƙarshe ya yi bayani. Mai karatu yana gane irin wannan tun shafi na biyu ya ajiye. Uban da ya aurar da ƴarsa saboda bashin hatsi da tsoron abin kunya, yana kuma sonta, ya fi tayar da hankali, kuma shi ne zai sa wani uba a Kore Mairuwa ko Gesheme ya ga kansa.

Tarko na biyu na wannan zamani ne. A lokacin da kalmar ƴancin kai ke bakin kowa, akwai yiwuwar a mayar da taron bita masana'antar jarumai, kowane labari ya ƙare da tuta. Tarihin Sarauniya yana iya ruɗar masu shirya irin wannan, su ɗauka cewa sirrin Mamani shi ne kishin ƙasa. Littafinsa ya rayu ne saboda ya bar masu haɗa kai da Turawa su faɗi dalilinsu, ya bar sojan haya ya ji tsoro, ya kuma rubuta shi a matsayin ɗan adawa, ba da umarnin wata hukuma ba. Marubucin da aka hana shi nuna rauni a jikin jarumi ko gaskiya a bakin maƙiyi, kirari zai iya yi, kuma Arewa tana da maroƙan da suka fi shi iya wannan.

Me ya kamata a koyar

Abu na farko shi ne tambayoyin da ake yi wa kowane tauraro: me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya samu, kuma wane abu ne yake ɓoye wa mutane. Ƙasar Arewa cike take da mutanen da za a yi wa waɗannan tambayoyi. Akwai mai lambun dankalin turawa a bakin Tapkin Saw da ya ci bashin iri, ga kasuwa ta faɗi. Akwai matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas shekara uku, dangi na matsa mata ta kai ƙara wurin alƙali. Akwai saurayin da ke dakon mai a kan babur daga iyakar Najeriya, wanda rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya sauya masa lissafi. Akwai malamin kwantaragi da ke jiran albashi, da jikar mai bori da ta zama ɗalibar Islamiyya tana son kakarta. Ɗalibin da aka tura kasuwar Dogon Dutsi ranar Juma'a ya saurari yadda dillali ke magana, ya dawo ya rubuta shafi ɗaya ba tare da ya ce mutumin kirki ne ko mugu ba, ya koyi abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Abu na biyu shi ne harshe. Yawancin labaran Hausa da matasan Nijar ke karantawa a waya, ta WhatsApp da Wattpad, ko suke saurara a YouTube, daga Najeriya suke zuwa, cikin Hausar Kano, da gidajen Abuja da motocin alfarma. Sabon marubuci yakan kwaikwayi abin da ya karanta, sai a ga yarinyar Matankari tana magana kamar ƴar Nasarawa ta Kano. Mutumin Arewa yana cewa ɗiya, yana cewa tahi, yana cewa mi da wanga. Hanya mai sauƙi ita ce a riƙe daidaitacciyar Hausa a bakin mai ba da labari, a bar taurari su yi magana da karin garinsu. Haka littafin zai karantu a Kano da Kumasi, kuma mutumin Tibiri zai ji muryar gidansu. Dole kuma a koyar da ƙa'idar rubutu da haruffa masu ƙugiya, domin da yawa daga waɗanda suka yi lakwal da Faransanci suna rubuta Hausa da tsarin Faransanci, su sa ou a wurin u, su sa tch a wurin c.

Abu na uku shi ne ladabin ɗaukar tarihi. Arewa tana da Baura na Bagaji, da Sarkin Arewa wanda gidansa ya samo asali a Matankari, da Kona na Dogon Dutsi, da Samna na Tibiri, kuma kowane gida yana da zuriya mai rai da nata zancen. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Mawri tun 1970, cibiyar CELHTO da IRSH a Yamai kuma suna ajiye da muryoyin da aka naɗa. Marubucin da zai taɓa waɗannan yana da ƴancin ƙagawa, amma ya kamata ya san inda ya ƙaga, ya kuma je ya zauna da masu abin kafin ya sa musu magana a baki.

Bayan an tashi daga bita

Taron kwana uku da ake rufewa da hoto da takardar shaida da kuɗin mota ba ya haifar da littafi. Misalin Zariya da na Kano sun nuna abu ɗaya: ana buƙatar mai gyara da zai bi rubutu watanni, da abokan rubutu da ke haɗuwa a kai a kai, da hanyar kai labarin ga jama'a. Ba lallai sai da kuɗi mai yawa ba. Gidan matasa da al'adu ko ajin lise ya isa wurin zama, malaman Hausa da aka horar don makarantu masu harshe biyu za su iya jan ragama, a kuma gayyato marubutan Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, wadda ta fi Yamai kusa da karin harshen Arewa.

Batun masu karatu shi ma yana da mafita a kusa. Ƙasa da rabin manya a Nijar ne suka iya karatu da rubutu, saboda haka littafin da ya tsaya a takarda kaɗai zai tsaya a hannun ƴan kaɗan. Gidajen rediyon Kano sun daɗe suna karanta littattafai a iska, kuma hakan ya taimaka wajen sayar da su. Rediyon al'umma na Arewa za su iya yin haka da labaran da suka fito daga bita, babi ɗaya a mako, masu saurare su bugo waya su faɗi ko sun yarda da abin da tauraro ya yi. Marubuci ba zai samu alƙalin da ya fi wannan tsanani ba.

Ma'aunin da ya kamata ma'aikatun ilimi da na al'adu su riƙe shi ne yawan rubutun da aka kammala aka buga ko aka karanta a rediyo shekara guda bayan bita, maimakon yawan waɗanda suka halarta. Ko a yaƙin Lugu kaɗai, akwai mutanen da ke jiran marubuci: matan da suka kwashe yara suka shiga daji, ɗan dakon da aka kamo daga wani gari aka ɗora wa akwatin harsashi, da waɗanda suka dawo suka sake gina garin a kan toka kafin damina ta faɗi. Jikokinsu suna nan a Dankasari da Matankari, kuma wasunsu suna aji a yau.